Madubi Biyu a Shagon Agali

Shekara talatin da huɗu ina duban kusa:
kafar allura, bakin zare,
ɗinkin da ya karkace a wuyan riga.
Ran da na lulluɓe keken ɗinki
sai idona ya ce yana bi na bashi,
nesa yake so.

A kasuwar Tawa, bayan masu gyaran rediyo,
Agali na da madubin hange guda biyu.
Ɗaya rataye a ƙusa cikin ledarsa,
jikka goma sha biyu,
in bakina da daɗi, goma.
Ɗayan a naɗe cikin tsohon rawani,
ya kwance shi kamar mai buɗe jinjiri.
Ɗari biyu da hamsin, tela,
ko dala ba na ragewa.

Na ce da wannan kuɗin ai sai karsana.
Ya ce karsana ba ta nuna maka idon gauraka.
Ɗauki duka biyun ka kwana da su,
bar mini kan kekenka jingina.

Na sauka Tabalak da la'asar,
na kwana a rumfar wani masunci.
Da assalatu ruwa da sama ba su rabu ba tukuna.
Na ɗaga mai araha.
Duhu, da wani abu tsaye cikin duhun,
ko zalɓe, ko kututture.
Na ɗaga mai tsada.
Wayyo.
Ashe gari ya riga ya waye a cikinsa.
Zalɓe ne, ƙafa ɗaya a naɗe,
ɗigon ruwa na lilo a bakinsa,
gashin ƙeyarsa biyu, baƙi,
an ja su kamar zaren da ba a yanke ba.
Na ga ɗinkin fiffike, layi bisa layi,
babu kuskure ko ɗaya.
Ni tela ne, na nema.

Da hantsi ya ɗaga, mai araha ya farfaɗo.
Ya nuna mini kirinjijiya arba'in,
kowace da shuɗin zobe a gefenta
wanda ba Allah ya sa mata ba.
Amma arba'in ɗin ne,
na ƙirga da wannan, na ƙirga da wancan.

A mota, su biyu bisa cinyata,
ina lissafi da yatsu.
Rufin ɗakin Tsahara yana yoyo.
Maganin sukari ba ya jiran gauraka.
Ɗan ɗana Iliya, in ya karɓa,
igiyar yake riƙewa yana wulwulawa,
shin zan iya miƙa masa karsana?

Na kwance jingina. Na biya goma.
Agali ya mayar da jinjirinsa cikin rawani,
bai ce komai ba, ya zuba mini shayi na uku.

Yanzu damina biyu ke nan.
Idon hagu ya sha ruwa, ya yi hazo,
na binne shi kwana uku a buhun shinkafa,
ya warke rabi.
Na koyi abin da mai tsada ba zai koya mini ba:
tafiya da gwiwa cikin laka,
zama har ƙafa ta mutu,
har jinjimi ya ɗauke ni tururuwa ko dutse.
Abin da gilashi ya kasa jawowa
ni nake jan jiki in je masa.
Iliya ya yar da shi sau huɗu,
ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Sai dai kada in yi ƙarya.
Duk assalatu, kafin haske ya iso gare ni,
akwai rabin sa'a da na san
ana sayar da ita a wani shago,
naɗe cikin rawani.
Nakan zauna cikinta a makance,
ina jin fuka-fuki suna wucewa,
ina tuna ɗigon ruwan nan
da bai faɗi ba har na sauke hannu.